Tsanin Baffa Eilif

Tsibirin Skarvholm, 14 ga Satumba, 1963

Zuwa ga 'yata Torunn,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Gwaggonki Magnhild, da fatan kin sauka Faransa lafiya, cikinki kuma ya fara sabawa da girkinsu. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ta fara tsegumin hunturu tun bai iso ba. Magnhild kuma tarin nan nata yana nan, ta ƙi likita, wai kofi mai zafi ya fi shi sanin aiki.

Yau kwanan 'yarki Ragna goma sha biyu a hannunmu. Ta yi kukan kwana biyu, daga nan ta haƙura, tana cin kununta da dankali da kifi. Ki daina cewa kin ɗora mana nauyi. Kakana da kakan mahaifinki ciki ɗaya suka fito, a tsibirin nan kuwa wannan ba nesa ba ne. 'Yar shekara uku ba za ta gagari tsofaffi biyu ba na wata tara, ki yi karatunki hankali kwance.

Na buɗe mata littafi. Kin san halina, shekara arba'in da ɗaya ina koyarwa, babu yaron da ya ratsa ajina ban buɗe masa littafin ci gaba ba. Duk Asabar bayan karin kumallo nakan gwada ta a abu huɗu: kalma nawa take faɗa, taku nawa take yi ba a riƙe ta ba, katakon wasa nawa take ɗorawa, sai kuma ko tana kai cokali baki. Yau kalma goma sha huɗu, taku ashirin da biyu, katako uku, cokali yana kaiwa. Na san kin ce da bazara kalmominta sun kai ashirin da biyar, likitan Bergen kuma ya rasa gane dalili. Ni na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Yaro yakan ajiye wani abu ya ɗauki wani, sa'annan ya dawo ya kwashe duka.

Da aka rufe makarantarmu bara, abu ɗaya na ɗauko, hoton nan na tsanin halitta. Kin tuna shi: a ƙasa ɗan ɗigon rai, sai tsutsa, sai kifi, sai kwaɗo, har biri, can a ƙololuwa kuma mutum riƙe da littafi. Na kafe shi kusa da murhu. To ki warware mini maganar da kika yar a kan tebur ranar tafiyarki, cewa wai tsanin nan ƙarya ne. Na yi shiru ne kawai don Magnhild ta hana gardama a kan abinci, ba don na yarda ba.

Ƙaguwa shida masu jaka a ciki, irin waɗanda kike so, suna cikin kwalba, jirgin Talata zai tafi da su. Duk halittun Allah ki rasa wadda za ki ba ƙuruciyarki sai wannan ƙazamar jaka!

Baffanki,
Eilif

*

Tashar binciken teku, arewacin Faransa, 6 ga Oktoba

Baffa,

Na gaishe ka, na gaishe da Gwaggo, a shafa mini kan Ragna. Ina lafiya, sai dai kewa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, kuma ba su san busasshen kifi ba. Ƙaguwoyin sun iso ba ko ɗaya da ta lalace, na gode.

Ka ce in warware maka, to ga shi, amma kada ka ce yarinya ta yi maka rashin kunya. Jakar nan da kake zagi dabba ce, 'yar uwar ƙwarin nan masu ɓawo da kuke kankarewa a gindin kwalekwale. Ranar da aka ƙyanƙyashe ta tana da ido, tana da ƙafafu shida, tana iyo son ranta. Ina ganinsu kullum a madubin bincike, abin sha'awa. Da ta sami ƙaguwa sai ta manne, ta huda, ta tura ɗan abin da ya rage nata ciki, ta yar da ido da ƙafafu gaba ɗaya. Ba baki, ba hanji. Jijiyoyi kawai take bazawa cikin jikin ƙaguwar, da jakar ƙwai a waje. Kakanninta sun fi ta gaɓoɓi nesa ba kusa ba, amma ita ce ta cika gaɓar teku daga nan har ƙofar gidanka. A wane mataki za ka ɗora ta, Baffa? Kifin kogo ma haka ya yar da ido, tsutsar ciki ta yar da hanji. Juyin halitta ba ruwansa da hawa. Abin da ya haihu ya bar baya shi ne ya ci, ko ƙari ya yi ko ragi.

Za ka ce to ina aka samo whale, ƙatuwar dabbar tekun nan, da mutum? Dubi tumakinka. Kana sakinsu a bakin ruwa, teku a bayansu, ba inda za su ta nan. Kafin yamma biyu ko uku sun kai kan dutse. Baƙo ya hango su ya ce tumakin Skarvholm hawa suke so, alhali garken yana nan ƙasa yana cin ciyawar teku. Rai daga mafi ƙanƙanta ya faro, ba wurin da zai koma ƙasa da haka, dole wasu su yi nisa. Amma mafi yawan masu rai har gobe ƙwayoyin nan ne da ido ba ya gani. Mai zanen hotonka 'yan kan dutsen kawai ya zana, kuma ya sa kansa a sama.

Ka ci gaba da aiko mini da lambobin Asabar, ko ba daɗi. Har yanzu tana murza hannayenta kamar mai wanki? Ba ka ce komai a kan wannan ba.

'Yarka,
Torunn

*

Skarvholm, 19 ga Nuwamba

Torunn,

Muna gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, yankan tumaki da kyafe nama suka sha kanmu. Gwiwa na nan yadda take. Tarin Magnhild ya yi tsanani har na ci ƙarfinta na kira likita, ya ba ta wani ruwa mai ɗaci, da sauƙi yanzu.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na ukun da fushi. Ina kika ɗauka za ki ɓoye mini? Abu mai ido da ƙafafu da ya zo ya yar da su ɗaya bayan ɗaya, ai ba ƙaguwa kike ba ni labari ba, 'yarki kike nufi. Haram ne uwa ta yanke ƙauna irin haka, Torunn. Jakarki ɓatacciya ce, kowane gari da ɓatattunsa, ba a kuma auna gari da su. Ki ce abin da kike so game da garke, amma da can babu ido a duniya, yanzu akwai. Da babu mai tunani, yanzu ga ki kina gardama da baffanki a takarda. Idan wannan ba hawa ba ne, mene ne sunansa? Ni a kan wannan na tsayar da rayuwata. Na karɓi yara ba su san harafi ba, na sallame su suna karanta jarida.

Ga lambobin tunda kin nace. Asabar da ta wuce kalma shida, taku tara, katako babu, cokali sai an riƙe mata hannu. Hannun tana murzawa, ƙwarai ma. Kada ki firgita, ja da baya ga rago ba gudu ba ne.

Magnhild tana nema ta ɓata mini aiki. Ina tsakar gwaji ta ce, "Kai Eilif, ka ƙyale 'yar nan ta sarara mana. Ba ka ga da ido take magana ba? Duba yadda ta kafe kwanon madara."

Na ce, "Ido ba ya cikin gurbi huɗun."

Ta ce, "To ƙara na biyar, ko tawadar ce ta ƙare?"

Na ce mata littafin ci gaba ba littafin girki ba ne da za a riƙa cusa masa abin da aka ga dama. Ta kira ni tsohon allo, ta fita.

Likitan nan sabo ne a gunduma, yaro mai natsuwa. Ya ga Ragna ya yi ta tambaya: ina uwar, ina uban, shekarunmu nawa ni da Magnhild. Na ce uban ba ya cikin lissafi, uwar kuma masaniya ce. Zai dawo ranar Talata ya duba ƙirjin Magnhild, ni kuwa zan ba shi littafin ya tafi da shi ya karanta a tsanake. Ya gani da idonsa cewa yarinyar nan ba a sake take ba, a hannun malami take.

Baffanki,
Eilif

*

Faransa, 1 ga Disamba

Baffa,

Gaisuwa a gurguje, Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi. Yanzu wasiƙarka ta shigo hannuna, a tsaye nake rubuta wannan.

Don girman Allah kada ka ba likita littafin nan. In ka riga ka ba shi, ka bi shi ka karɓo, ka ce akwai gyara. Kai kana karanta shi da ƙauna, kana ganin rago mai ja da baya. Shi lambobi zai gani suna sauka daga goma sha huɗu zuwa shida, da rubutun malamin da duk gunduma ta yarda da shi. Likitan gunduma yana zama a kwamitin kula da yara, ka fi ni sani, kai ka shugabance shi shekara ashirin. Uwa ba aure, tana ƙasar waje, masu riƙo sun haura saba'in. Abu ɗaya ya rage musu, shaida, kai kuma ka rubuta musu ita da kyakkyawan rubutu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Baffa, ba laifinka nake gani ba.

Maganar jaka kuwa ka zalunce ni. Da na rubuta, wallahi aikina kawai nake ba ka labari, ban kawo Ragna a raina ba. Amma tun da na karanta taka na kasa duba madubin ban ga fuskarta ba. Ka sa mini abin da ban san yadda zan cire ba.

Na buga waya ofishin gidan waya na babban gari, sun ce layin tsibiri ya tsinke tun iskar makon jiya. Ka ba ni amsa da jirgin farko.

Torunn

*

Faransa, 12 ga Janairu, 1964

Baffa, Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Wannan ta uku ke nan ba amsa. Na aiko da safar ulu da 'yar tsana don Kirsimeti, ban san ko sun iso ba. A rediyo an ce teku ta hana jirage fita a yankinmu, ina ta ba kaina haƙuri da wannan.

Aiki yana tafiya, abin haushi ma tafiya yake yi sosai. Shugaban tashar ya ce abin da na gano zai shiga mujalla. Akwai wata ƙaguwa a tankina, namiji ne, jakar ta kama shi. Ya daina girma, ya daina neman mace, sai wanke jakar yake yi yana yi mata fifita da ruwa kamar ƙwansa ne. Nakan tsaya ina kallonsa har a kira ni cin abinci. Ban san ko tausayinsa nake ji ko hassada ba, shi dai abin da yake reno yana jikinsa.

Ko layi ɗaya ne ku rubuto. Ku ce mini tana cin abinci.

Torunn

*

Skarvholm, 9 ga Fabrairu

Torunn 'yata,

Ni ce Gwaggonki. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da alƙalami tun rasuwar mahaifinki. Jikinmu lafiya. Eilif ya zauna sau huɗu zai rubuto miki, sai ya tashi ya tafi rumbun kifi. To ni ba zan iya barinki cikin duhu ba.

Sun tafi da Ragna ranar Talatar da ta wuce.

Wasiƙarki ta hana ba da littafi ta iso bayan kwana goma sha biyar da ba da shi. Sauran kuma a ɗaure guda suka zo tare da safa da 'yar tsana, don mako biyar jirgi bai taɓa tsibirin nan ba. Jirgin da ya kawo su shi ya kawo takardar kiran kwamiti. Sun ce sun aika miki taki takardar gidan da kika bari a Bergen.

Na bi Eilif zaman kwamitin, ko da ba a gayyace ni ba. Ya sa kwat ɗinsa na coci, yana ta ce mini a jirgi, "Kwantar da hankalinki, duk yarana ne, ni na koya musu riƙe fensir." Haka ne kuwa. Shugaban, Oddvar, da ya gan shi har miƙewa ya yi. Littafin yana gabansa a buɗe.

Ya ce, "Malam, ban taɓa ganin bayani mai tsabta irin wannan ba. Ka sauƙaƙa mana aiki."

Eilif ya ce, "Ai ba ku fahimta ba. Ja da baya ne na ɗan lokaci, za ta hau."

Oddvar ya ce, "Nuna mana Asabar ɗaya da lamba ta ƙaru, Malam, ɗaya tak."

Eilif ya yi ta juya shafi. Bai sami ko ɗaya ba. Ni na kasa daurewa na ce, "Kai Oddvar, ni na share maka majina a bikin baftismar ƙanwarka, ka saurare ni. Yarinyar nan ta san mu, ta san ƙahon jirgi, tana zaɓen abin da take so da ido."

Ya ce, "Gwaggo, ba na musu. Amma ba ya cikin littafin."

Daga nan suka ɗauko fom ɗin nan mai hawa uku, wanda za a iya koya wa karatu, wanda za a iya koya wa aikin hannu, da wanda sai dai a kula da shi kawai. Kin san wa ya kawo tsarin nan gundumar tun kafin yaƙi, yana alfahari da shi? Baffanki ne. Suka sa ta a na ƙasa. Suka ce mun tsufa, tsibiri ba likita, gidan lardi na kula da naƙasassun yara ya fi dacewa da ita. Likitan bai ɗaga kai ba har aka tashi.

Wata nas ce ta zo ɗaukarta, ba muguwa ba ce. Na sa mata safar da kika aiko. Ba ta yi kuka ba, Torunn, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da jirgi ya busa ƙaho sai ta yi dariyar nan tata, don ta saba in ya busa alewa ce ta zo. Tana kallona ta kafaɗar nas ɗin har suka shige.

Ki taho. Kada ki tsaya rubuta amsa.

Magnhild

*

Masaukin baƙi kusa da gidan lardi, 8 ga Maris

Baffa Eilif,

Ina gaisuwa. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce mata ina cin abinci, tunda na san za ta tambaya. Ban biyo ta tsibiri ba. Ban iya ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce hanya ce ta hana.

Na bar aikin Faransa. Kwana goma sha tara ke nan ina nan, ana barina in gan ta Laraba da Lahadi, awa ɗaya. Na nemi a ba ni 'yata, aka ce ba ni da gida, ba ni da aiki, ba ni da miji, in ɗaukaka ƙara, za a duba nan da kaka. Da ina da aiki an ce na yi nisa, yanzu na dawo an ce ba ni da aiki.

Ginin hawa uku ne, sai dai a nan an juya tsaninka. Masu karatu suna ƙasa kusa da lambu. Masu saƙa da sassaƙa a tsakiya. Su Ragna a can sama, inda ba mai buƙatar fita. Gado ashirin da shida, ma'aikata biyu, ba laifinsu ba ne, hannu huɗu ne kawai gare su. An aske mata kai don sauƙin wanka. Ba ta taka ƙasa ko sau ɗaya ba tun da ta zo, domin fayil ya ce ba ta tafiya sosai, sai aka bar ta a kwance. An juya gadonta tana fuskantar bango. Na tambayi nas abin da take so, ta buɗe fayil, ta ce, "Ba a rubuta tana son komai ba." Littafinka ne a ciki, Baffa, an ɗinke shi da zare.

Ka tambaye ni in ba hawa ba ne mene ne sunansa. Ban sani ba. Abin da na sani, ba wanda ya taɓa zana tsanin nan ya sa kansa a tsakiya. Ni na yi shekara shida ina gaya wa mutane babu sama babu ƙasa a cikin masu rai, ina jin daɗin bakina, ashe ban san ana kwantar da mutum a kan tsanin ba. Kuma ni na bar ta na tafi kallon ƙaguwa, wannan ba kai ka yi ba. Ina jin haushinka, ina jin nawa ya fi, na rasa inda zan ajiye ko ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo. A nan ba a jin maganar uwa, takarda ake ji, takardarka kuma suna girmama ta. Ka zauna da Gwaggo ka rubuta wani littafin. Ba abin da take iyawa ba, abin da take so da abin da take ƙi, da yadda ake gane kowanne. Ka sa hannu da cikakken sunanka ka aika wa shugaban gidan. Wataƙila a juya gadon ya kalli taga, wataƙila ya taimaka a ɗaukaka ƙara. Ba ni da wata dabara bayan wannan.

Torunn

*

Skarvholm, 29 ga Maris

'Yata,

Na gaishe ki, in har gaisuwata tana da sauran wuri. Magnhild lafiya, tarin ya tafi. Ni ma ga ni nan.

Ba zan ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. Na yi abin da kika ce. Kwana tara muna zaune da Magnhild, ita tana faɗa ina rubutawa, ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina faɗa ana rubutawa. Na buɗe shafin farko na ɗauki abin ja layi zan yi gurabe, ta fizge shi ta jefa cikin akwatin itace.

Ta ce, "Rubuta: ba ta shan madara sai da ɗumi, in da sanyi takan runtse ido ɗaya."

Na ce, "Yaushe kika ga haka?"

Ta ce, "Lokacin da kake ƙirga katako."

Abu hamsin da uku muka samu. Kukan agwagin teku yana sa ta dariya har da shaƙuwa. In aka ɗora mata tafin hannu a ƙeya takan daina murza hannu na ɗan lokaci. In aka nuna mata abu biyu, wanda ta kalla na biyu shi take so, ba na farko ba. Tana tsoron ƙarar almakashi, kuma kin ce sun yi mata aski. Takan yi tafiya in an tsaya a gabanta, ba a bayanta ba, ni kuwa kullum a bayanta nake tsayawa da fensir. Cikin hamsin da ukun nan guda huɗu ne nawa. Wata biyar tana gidana.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yara goma sha ɗaya na sa wa hannu suka tafi gidan nan a zamanina. Na zauna in tuna abin da ko ɗayansu yake so, ban tuna ba. Lambobinsu kuwa ina iya kawo miki.

Hoton tsanin na sauke shi. Wurin ya bar fari a bango, Magnhild ta ce in bar shi haka in riƙa gani. Ba zan ce kin ci gardama ba, don har yanzu in na dubi ido ina jin akwai abin mamaki a yadda aka kai gare shi. Amma na daina sanin inda sama take, a shekara saba'in da uku kuma wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Littafin ya tafi da jirgin Talata, da sa hannuna da duk muƙaman da na taɓa riƙewa.

Eilif

*

Masaukin baƙi, 26 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa gare ka da Gwaggo. Na sami aikin wanke kwalabe a wani kantin magani a garin nan, ina da ɗaki mai taga ɗaya. Mujallar nan ta buga aikina, an aiko mini da kwafi, yana ƙarƙashin gado ban buɗe ba.

Littafinka ya iso, na gan shi. Shugaban gidan ya kira ni ofis ranar Laraba, ya ba ni kujera, ya yi mini magana da ladabi. Ya ce ya karanta, ya taɓa masa zuciya. Ya ce amma ba abin da za a iya aunawa a ciki, ba lamba, ba kwanan wata, kuma an rubuta shi bayan hukunci, da hannun dangi masu neman a sake ta. Ba zai shiga fayil ba, ba zai je wurin ɗaukaka ƙara ba. Na ce ai hannu ɗaya ne ya rubuta duka biyun. Ya ce, "Haka ne, amma na farkon malami ne ya rubuta, na biyun kaka ne." Ya miƙo mini shi a cikin ambulan ɗinsa.

Na hau sama da shi. Sauran minti arba'in a awata. Na ɗaga ta na tsayar, na koma gabanta kamar yadda kuka rubuta a lamba ta talatin da ɗaya, na miƙa hannu. Ƙafafun sun ƙi, Baffa, kusan wata uku a kwance sun manta. Na zaunar da ita a cinyata, na ɗora tafina a ƙeyarta, hannayen suka tsaya. Na yi mata kukan agwagwa, ban iya ba, matar da ke shara ta juyo tana kallona. Ragna ba ta yi dariya ba. Ta dai dubi taga, sa'annan ta dube ni. Ni ta kalla na biyu.

Da ƙararrawa ta buga na mayar da ita, na juya gadon ya fuskanci taga. Yau Lahadi na koma na tarar an mayar da shi bango, don ta nan keken abinci yake wucewa. Na sake juyawa. Ranar Laraba ma zan juya.

Littafin yana wurina, ni kaɗai ce mai karanta shi yanzu. In kun tuna wani abu ku aiko, zan ƙara a ƙasa. Ka tambayar mini Gwaggo yadda ake kukan agwagwar daidai.

'Yarka,
Torunn